Ajiya a Rumbun Wani

A Sukukutane, cikin gundumar Dogon Dutsi, da zarar an kai hatsi rumbu sai samari su kama hanyar cin rani. A dā wasiƙa ake ba direba ya kawo gida. Yau murya da hoto ne ke isowa ta salula. Hotunan suna, wa'azin malamai, waƙoƙin makaɗa, har shaidar bashi, duk an tara su cikin WhatsApp da Facebook. To, amma wannan rumbu na wane ne?

Ba na mai ajiya ba ne. Na kamfani ne da ke wata ƙasa, kuma ran da ya ga babu riba sai ya rufe ƙofa. Kamfanin Google na Amurka ya buɗe dandalin zumunta mai suna Google+ a 2011, ya rufe shi ran 2 ga Afirilu 2019, ya share abin da jama'a suka zuba ciki. A watan Maris na wannan shekara, MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. A Faransa ma an rufe Skyblog ran 21 ga Agusta 2023, bayan samari sun yi shekara 20 suna rubutu a ciki. Can babban ɗakin karatu na ƙasa ya kwafi shafuna masu yawa ya adana. Wa zai yi wa manomin Sukukutane wannan aiki?

Nijar ma ta ɗanɗana. Ran 24 ga Fabrairu 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ta salula wajen kwana 10. Ba a share kome ba, amma mai kaya ya kasa kai hannu ga kayansa.

Ƙasar Arewa ta san wata hanyar ajiya. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, ya rayu a bakin tsofaffi, kaka ya ba jika. Don kada irin wannan gado ya bi masu shi kabari aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda ake kira CELHTO. Abin da ke hannu da yawa ba ya ɓata dare ɗaya.

Saboda haka aiki ya rage ga waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci. Asalin gida, iyakar gona da lissafin bashi, a rubuta su a takarda gaban shaidu. Hoto mai daraja a wanke shi. Muryar tsoho a kwafe ta wuri biyu, a kuma mai da ita rubutu. Ma'aikatan hukuma su ma kada su bar sanarwa cikin salula kaɗai, ba tare da takarda a ofis ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.