Kasuwar Rimin Gado da Birnin da Ke Tafe

Duk wanda ya fita daga Kano ta Kabuga ya kama hanyar Gwarzo, ya wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya bar barikin Janguza a bayansa, ba zai isa Rimin Gado ba sai idonsa ya shaida masa cewa birni na biye da shi, domin gonakin bakin hanya da aka saba ganin dawa da gero da gyaɗa a cikinsu, yau da yawansu sun koma gidajen mai da wuraren buga bulo da jerin shaguna. Tsakanin garin da birni bai wuce kimanin kilomita 20 ba. Ƙidayar 2006 ta sami mutum 104,790 a ƙaramar hukumar Rimin Gado, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 225, wato fiye da mutum 460 ke nan a kowane murabba'i, kuma irin wannan cinkoso na manoma a kewayen Kano shi ne abin da Bature Michael Mortimore ya yi bincike a kansa tun shekarun 1960, zamanin da jakai ke kai itace birni su komo da taki.

A ƙasa irin wannan babu fili marar mai shi. Kowace kunya gadon wani ce. Saboda haka idan aka bar kasuwa da tasha da bakin titi suka yi ta girma yadda suka ga dama, ranar da aka tashi gyara ba za a sami inda za a matsa ba, sai dai rusau.

Birni ya riga ya sha wannan ɗaci. An rubuta masa tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka sani da sunan Trevallion, amma gini ya tsere wa takarda. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari cikin Maris na 2016 ta lashe dukiyar da har yau masu ita ke juyayi; ruwan daminar 2022 ya shiga Kantin Kwari ya ɓata atamfa da shadda, jama'a kuwa suka ɗora alhakin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanai; a Yunin 2023 aka rushe shagunan Filin Idi; a 2024 kuma aka tashi masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, a hanyar Zariya, bayan doguwar shari'a. Dukkan waɗannan gyara ne da ya zo bayan ɓarna, shi ya sa ya zo da kuka.

Abin da ya wajaba a kan ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta jiha, tun fili bai ƙare ba, shi ne su shata hurumin kasuwa da na titi, su fitar da hanyar da motar kashe gobara za ta ratsa tsakanin rumfuna, su fara da magudanar ruwa da rijiyar burtsatse da makewayi da masallaci kafin a ɗora bulo ɗaya na shago, sa'an nan su janye tasha da kara daga bakin kwalta, inda lodin buhuna da koren dabbobi ke haɗuwa da gudun mota. Magabata ba su jahilci wannan ba: tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi ake zaunar da kowace sana'a a layinta, malaman fiƙihu kuma sun sanya tsare hanya da mudu da ma'auni cikin aikin hisba.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin ƙananan mutane. Mai zanen taswira yakan ga kanti mai ƙofar ƙarfe, ya manta da 'yan tebur da 'yan koli da mahauta, da tsohuwa mai daddawa, da yarinyar da ta kawo ƙuli-ƙulin uwarta da ke cikin kulle, alhali su ne kasuwar. In aka gina shagunan da sai attajirin birni ne zai iya biyan hayarsu, waɗannan bayin Allah za su koma bakin titi, inda aka ce ana so a raba su da shi. Haka kuma manomi. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye amana a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Tsoron wannan ne ke sa mutum ya yi gaggawar miƙa gonar ubansa ga dillalai a yanka ta awon igiya, da lungunan da mota ba ta iya shiga. Adalci shi ne a zauna da hakimi da dagatai da sarkin kasuwa da masu gonakin kafin a ja layi, a ba wanda aka taɓa gonarsa rumfa ko fuloti a cikin sabon wurin, da takarda da sunansa a kai, wadda 'ya'yansa za su gada kamar yadda da za su gaji gonar.