Duba Lafiyar Sadarwar Kwamfuta daga Layin Umurni: Nazari a kan Netstat da Magadansa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake bincika sadarwar kwamfuta ta hanyar rubuta mata umurni kai tsaye, musamman umurnin da ake kira netstat da waɗanda suka gaje shi. Dalilin gabatar da ita a wannan taro kuwa shi ne, ɗaliban da muke horarwa a kwalejojin ilmi su ne gobe za a danƙa wa makullin ɗakin kwamfuta a makarantun sakandare, inda galibi babu injiniyan da za a kira. In sadarwa ta tsaya, abin da akan ji bai wuce "babu netwok" ba, sa'an nan a kashe na'ura a sake kunnawa. Wannan magana ba ta da bambanci da ta majinyacin da ya ce wa likita ba shi da lafiya, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin da za mu nuna shi ne, kowace kwamfuta tana riƙe da rajistar harkokinta na sadarwa: wa take magana da shi, ta wace hanya take fitar da saƙo, da yawan abin da ya shiga ko ya fita. Netstat ba gwaji yake yi ba, karanta wannan rajista kawai yake yi. Wanda ya iya karatunta zai san ko matsalar a cikin gida take ko a waje, tun kafin ya ɗora wa kamfanin sadarwa laifi.

2.0 Asalin Umurnin

Ƙa'idar TCP, wadda mafi yawan zirga-zirgar intanet ke bi, ta samo asali daga aikin da Vint Cerf da Bob Kahn suka buga a 1974. An tsara ta a takardar RFC 793 a 1981, kuma a ranar 1 ga Janairu, 1983 aka mayar da ARPANET ta Amurka kan TCP/IP. A wannan shekara ce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da tsarin 4.2BSD, tare da netstat a cikinsa. Daga nan ya bazu, har yau ana samunsa a Windows da macOS da Linux, ko da yake haruffan da ake liƙa masa ba ma'anarsu ɗaya ba ko'ina. Alal misali, -p a Linux yana nuna manhajar da ta mallaki haɗi, amma a Windows zaɓen ƙa'ida yake yi, sai an sa -o ake ganin lambar manhajar.

A Linux kuwa netstat ya tsufa. Tsare-tsare da yawa sun daina sa shi tun daga farko, sun koma ga ss da ip, na cikin tarin iproute2 wanda Alexey Kuznetsov na Rasha ya fara rubutawa. A ganina, a koyar da duka biyun, domin rajistar da suke karantawa ɗaya ce.

3.0 Haɗe-haɗe da Matsayinsu

Kowane haɗi na TCP abubuwa huɗu ne suke tantance shi: adireshin kwamfutoci biyu, da lambar mashiga ta kowane ɓangare. Adireshi kamar gida ne, mashiga kuwa ɗaki ce a cikin gidan. Lambobinta sun fara daga 0 zuwa 65535, kuma an keɓe wasu ga sanannun ayyuka: 22 don shiga kwamfuta daga nesa, 53 don fassara sunaye zuwa adireshi, 80 da 443 don shafukan intanet. In aka rubuta netstat -an, akan ga layuka irin wannan:

tcp  0  0  192.168.1.20:51744  203.0.113.5:443  ESTABLISHED

Watau kwamfutarmu mai adireshi 192.168.1.20 ta buɗe mashiga ta wucin gadi, 51744, tana magana da wata uwar garke a mashigar 443, kuma zancen ya kankama. Harafin -a yana nufin a nuna duka, -n kuwa a bar adireshi a lambobinsa. Kada a raina wannan harafi na biyu. In babu shi, netstat zai tsaya tambayar sunan kowane adireshi, kuma idan sashen fassara sunaye ne ya lalace, sai umurnin ya maƙale, mai bincike ya ɗauka kwamfutar ce ta sandare.

3.1 Masu Sauraro

Layin da ya ƙare da LISTEN yana nuna manhajar da ta zauna a bakin ƙofa tana jiran baƙi. Abin lura a nan shi ne adireshin da ke gaban lambar mashigar. A ɗauka malami ya sa manhajar tattara sakamakon jarrabawa a kwamfuta ɗaya, tana buɗewa lafiya a kanta, amma sauran kwamfutocin ɗakin sun kasa kaiwa gare ta. Sau da yawa za a yi ta canja waya a banza. Da an rubuta ss -tlnp aka ga 127.0.0.1:80, da magana ta ƙare, domin 127.0.0.1 adireshi ne da kwamfuta ke kiran kanta da shi, kuma manhajar da ke sauraro a nan ba ta jin kowa sai 'yan cikin gida. In kuwa 0.0.0.0:80 aka gani, to tana karɓar baƙi ta kowace fuska.

Akasin wannan ya fi haɗari. Rumbun bayanai irin MySQL yana zaune a mashiga 3306. Idan aka same shi yana sauraro a 0.0.0.0 alhali babu mai bukatarsa daga waje, to makin ɗalibai yana hannun duk wanda ya hau sadarwar makaranta ya kuma dace da kalmar sirri. Duba jerin masu sauraro aiki ne na minti ɗaya, kuma ya kamata ya zama na farko ga duk wanda aka miƙa wa kwamfutar da wani ya shirya.

3.2 Buɗewa da Rufewa

TCP tana da matsayi goma sha ɗaya, amma kaɗan daga cikinsu ne ke ba da labari. Buɗe haɗi mataki uku ne, kamar sallama: mai zuwa ya yi, na ciki ya amsa, mai zuwa ya nuna ya ji amsar. Layin da ya daɗe a SYN_SENT yana nufin an yi sallama ba a amsa ba. Ya kamata a bambanta wannan da ƙin karɓa. Idan kwamfutar da ake nema tana nan amma mashigar a rufe take, nan take za ta mayar da amsar ƙi, haɗin ya mutu. Shiru kuwa alama ce ta ɗayan uku: ko na'urar a kashe take, ko hanya ta yanke, ko katangar tsaro tana haɗiye saƙon.

Matsayi biyu ne ɗalibai suka fi rikitawa, TIME_WAIT da CLOSE_WAIT, saboda kamannin suna. Na farko ba cuta ba ne. Ɓangaren da ya fara rufe haɗi yakan dakata ɗan lokaci, don kada wani ƙunshin saƙo da ya makara a hanya ya faɗa cikin sabon haɗi mai lambobi iri ɗaya. Bisa lissafin RFC 793 jiran ya kai minti 4, Linux kuwa ta tsayar da shi a daƙiƙa 60. Saboda haka ganin ɗaruruwansu a uwar garke mai yawan baƙi ba abin tashin hankali ba ne, za su watse da kansu. CLOSE_WAIT kuwa labarinsa dabam. Ma'anarsa ɗaya ɓangaren ya yi ban kwana, amma manhajar da ke kwamfutarmu ba ta rufe nata gefen ba. Ba shi da wa'adin da zai ƙare. In ya yi ta taruwa, laifin na manhajar ne, kuma -p zai faɗi sunanta, muddin mai bincike yana da izinin mai kula da na'ura.

Sifili biyun da ke farkon misalinmu su ma suna magana. Na farko, Recv-Q, yawan bayanan da suka iso ne manhaja ba ta ɗauka ba. In ya cika, manhajar ce ke nawa. Na biyu, Send-Q, abin da aka aika ne ba a sami shaidar isarsa ba. In ya ƙi sauka, a nemi matsalar a hanya ko a can ƙetare. UDP kuwa ba ta da waɗannan matsayi, tun da ba ta sallama ba ta ban kwana.

4.0 Teburin Hanyoyi

Kafin kwamfuta ta saki kowane ƙunshi, sai ta duba teburi ta ga ta ina zai fita. Ana ganinsa da netstat -rn, ko ip route a Linux, ko route print a Windows. A ɗakin kwamfuta na makaranta ba ya cika wuce layi biyu:

default via 192.168.1.1 dev eth0
192.168.1.0/24 dev eth0

Layi na biyu yana cewa adireshi 256 da suka fara da 192.168.1 maƙwabta ne, a kai musu kai tsaye. Na farko kuwa yana cewa duk abin da ba a san hanyarsa ba a miƙa shi ga 192.168.1.1, ƙofar fita. Idan adireshi ya dace da layi fiye da ɗaya, wanda ya fi ƙayyadewa ake bi, ba wanda ya zo a sama ba. In layin farko ya ɓace, kwamfutocin ɗaki za su ga juna, na'urar buga takardu ta yi aiki, amma intanet ba za ta samu ba.

Akwai kuma alamu biyu da suka cancanci ambato. Adireshin da ya fara da 169.254 kwamfuta ce ta raɗa wa kanta, bayan ta nemi a ba ta adireshi ba a kula ta ba. A duba na'urar da ke rabawa, ko wayar da ta kai gare ta. Sa'an nan wanda ya jona wayarsa ta hannu don samun intanet alhali kwamfutar tana kan sadarwar makaranta zai iya samun ƙofar fita biyu, kuma mai ƙaramar lambar metric ita ke rinjaye. Maimakon yin hasashe, ip route get tare da adireshin da ake nema zai faɗi hanyar da za a bi.

5.0 Ƙididdigar Zirga-zirga

Umurnin netstat -i, ko ip -s link, yana kawo lissafin kowane katin sadarwa: ƙunshin da aka karɓa, da wanda aka aika, da wanda ya zo a lalace, da wanda aka zubar. Yawan lalatattu a kan waya yakan nuna kan waya da ba a matse da kyau ba, ko wayar da ɓera ya taɓa.

Netstat -s kuwa lissafi yake bayarwa ƙa'ida ƙa'ida, kuma adadin da ya fi amfani a ciki shi ne na ƙunshin da aka sake aikawa. Tarihi ya nuna nauyinsa. A watan Oktoba na 1986, gudun saƙo tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Hanya ta cushe, kwamfutoci suna ta sake aika abin da bai isa ba, suna ƙara cushe ta. Gyaran da Van Jacobson ya bayyana a 1988, watau mai aikawa ya rage gudu da zarar ya ga asara, shi ne tushen abin da TCP ke yi har yau. Saboda haka asarar ƙunshi kaɗan tana iya jawo nawa mai yawa, ko da an sayi layi mai faɗi.

Sai dai waɗannan lambobi tarawa suke yi tun daga lokacin da aka kunna kwamfuta. Ƙunshi 5,000 da aka sake aikawa ba ya nuna komai sai an san cikin nawa ne, kuma cikin kwana nawa. Abin da ya dace shi ne a karanta sau biyu da tazarar minti ɗaya, a ɗebe na farko daga na biyu, sa'an nan a gwada shi da jimlar abin da aka aika a wannan minti. A Linux, umurnin nstat yana yin wannan ɗebewa da kansa, domin abin da ya ƙaru tun kiransa na baya kawai yake nunawa.