KIRSIMATI A RIGACHIKUN: WA ZAI BA BAƘO MASAUKI?

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, daidai Rigachikun, ana sauran kwana biyu ko uku Kirsimati, zai ga motoci maƙil da mutane cikin hazon hunturu, an ɗaure buhunan shinkafa a bisa. Waɗansu sun fito daga Kano za su kudu, waɗansu kuwa Wusasa suka nufa, kowa dai yana ɗokin 25 ga Disamba ta riske shi a gida. Ganin haka ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatunmu, musamman ma'aikatan ofis da malaman makaranta, bayanin abin da Kirista ke nufi da wannan rana, gama labarin ya shafi aikinsu fiye da yadda suke zato.

Bisa ga Linjilar Luka, sura ta 2, mafarin al'amarin aikin ofis ne. Kaisar Augustas, sarkin Rum, ya ba da umurni a yi ƙidaya, kowa ya koma garin kakanninsa a rubuta shi. Shi ya sa Yusufu kafinta ya taso daga Nazarat da Maryamu, tana da tsohon ciki, suka tafi Baitalami. Suka tarar masauki ya cika. Da ta haihu, sai ta kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda aka fara yi wa albishir kuwa makiyaya ne da ke kwana a daji wajen garkensu.

To, a nan ne Kirista suka ce ma'anar ranar take. Wanda suke ɗaukaka bisa kome ya zo duniya baƙo ne, cikin gidan talaka, har aka rasa ɗakin da za a sauke shi. Saboda haka, in ji su, ba a auna imanin mutum da sabuwar riga ko yawan naman da ya yanka, sai da irin karɓar da ya yi wa wanda ya zo ƙofarsa.

Ƙofar farko ita ce ta ofis. Lalle akwai wani magatakarda da ya rubuta sunan Yusufu, bai kuwa san ko wane ne ke gabansa ba. An soke En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka gaje ta, amma tebur da layin talakawa suna nan yadda suke. Luka ya kawo cewa da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba, ya dai hana su karɓar fiye da abin da aka ƙayyade. Akawun da ya rera waƙa a coci ran Kirsimati, sa'an nan ya ɓoye takardar gwauruwa a watan Janairu sai ta ba da goro, bai fahimci ranar ba tukuna.

Ƙofa ta biyu ta aji ce. A Rigachikun ne hedkwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka soma shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta. Yaron da ya zo ba takalmi, ko wanda sunansa ya nuna ba addininsu ɗaya da malam ba, shi ne baƙon malam. In an tura shi bencin baya an manta da shi, an sake cewa babu masauki ke nan.

Ƙofa ta uku ita ce mai wuya. Ba mu manta da tarzomar Fabrairu 2000 da ta Nuwamba 2002 ba. Bayansu Kirista da yawa suka ƙaura kudu da kogin Kaduna, Musulmi da yawa suka komo arewa, har maƙwabtan da suka yi shekaru suna aika wa juna abincin salla da na Kirsimati suka zama sai labari. Yaran da aka haifa bayan haka da dama ba su taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan hasara ce babba, domin wanda ba ka sani ba shi ne ake saurin zuga ka a kansa.

Alhali kuwa akwai mahaɗa. Musulmi na girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, sura ta 19 ta Alƙur'ani ma sunan Maryamu gare ta. Kuma da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, Najashi, sarkin Habasha, wanda ke mulkin ƙasar Kirista, shi ya ba su masauki. A zamaninmu ma ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda dā abokan gaba ne, suka haɗa kai tun 1995 suna sulhunta jama'a daga nan Kaduna.

Don haka muna roƙon Kirista da ke zaune a Rigachikun da kewaye, in an sauke tukunya, a fara cika kwanon maƙwabci. Maƙwabci kuma ya karɓa da fara'a, ya rama ran salla. Ranar da aka koma aiki kuwa, kowa ya dubi wanda ke tsaye gaban teburinsa da idon rahama.

Muna yi wa Kirista barka da Kirsimati. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.