Gyaran mota: wa zai biya idan abin da aka ɗaura ya lalace?

A hanyoyin da suka tashi daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, a arewacin jihar Zamfara, lalacewar mota ba ƙaramin al'amari ba ne.

Shekara da shekaru 'yan bindiga na tare matafiya a wannan yanki, don haka direban da motarsa ta mutu a tsakiyar daji yana iya rasa abin da ya fi kuɗin gyara.

Wannan ne ya sa gardama kan yi zafi a gareji idan boris ko fanbel ko birkin da aka ɗaura jiya ya lalace yau. Mai mota ya ce laifin bakanike ne, bakanike ya ce mai kanti ne ya sayar da jabu, shi kuma mai kanti ya ce ba a iya ɗaurawa ba.

Shari'ar Musulunci da dokar Najeriya duk suna da amsa. Amsar ta rataya ne a kan abu biyu: wanda ya zaɓo kayan, da kuma abin da ya lalata shi.

Inda kayan ke fitowa

Akasarin kayan gyaran da ake ɗaurawa a waɗannan garuruwa sun ratsa hannaye da dama kafin su iso. Wasu daga kasuwar Ladipo ta Legas, wasu daga Nnewi da Onica, wasu kuma daga Ƙofar Ruwa a Kano, sannan su biyo ta Gusau.

Kusan kashi uku ne. Akwai sabo na ainihin kamfani, akwai sabo na kwaikwayo mai araha, sai kuma wanda aka ciro daga tsofaffin motocin ƙasashen waje, da ake kira Beljiyam.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ɓullo da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su a shekarar 2005. Duk da haka jabu na ci gaba da shiga kasuwanni, wani lokaci cikin kwali mai kama da na asali.

Kayan gyara kan lalace ne ta hanya uku: ko dai da aibinsa ya zo, ko an ɗaura shi ba daidai ba, ko kuma lodi fiye da ƙima da ramukan hanya suka kashe shi. Kowace hanya da wanda take ɗora wa alhaki.

Abin da fiƙihu ya ce

Zamfara ce jiha ta farko da ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, inda gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a watan Oktoban 1999. Kotunan shari'a na jihar na bin mazhabar Malikiyya, kuma alƙalai na dogaro da littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam.

A wannan mazhaba, mai sana'ar da ya buɗe wurin aiki domin jama'a, kamar tela ko marini ko maƙeri, shi ke da lamunin kayan da aka bar masa. Idan suka ɓata ko suka lalace a hannunsa, sai ya biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne.

Malamai sun kafa wannan hukunci a kan maslaha. Jama'a ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, kuma ba sa ganin abin da ke faruwa bayan sun juya baya.

Bakanike ma mai sana'a ne. Amma idan mota ta riga ta bar gareji kafin kayan ya lalace, tambayar sai ta koma ga aikin da kansa: ya ɗaura daidai ko ya yi sakaci? A nan alƙali kan nemi ra'ayin masana sana'ar.

Idan mai mota ne ya sayo kayan da hannunsa, alhakin bakanike ya tsaya a kan ɗaurawa. Ingancin kayan kuwa tsakanin mai mota ne da mai kanti.

Idan an bai wa bakanike kuɗi ya je ya sayo, to wakili ne, kuma wakili amintacce ne matuƙar bai yi sakaci ko ha'inci ba. Amma wanda ya karɓi kuɗin sabo ya ɗaura Beljiyam ya ci amana, kuma biya ya hau kansa.

Idan kuwa bakaniken ne ya kawo kayan daga nasa ya ɗora riba, ya zama mai sayarwa kuma mai ɗaurawa, duk alhakin biyu na wuyansa.

Game da mai kanti, fiƙihu ya bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da ke jikinsu tun kafin ciniki, wanda bai sani ba. Cewa "in an fita da kaya ba a dawowa" ba ya wanke ɗan kasuwar da ya san aibi ya ɓoye.

Abin da dokar ƙasa ta ce

A farkon shekarar 2019 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992.

Dokar ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da bai cika sharaɗin inganci ba cikin watanni 3 da karɓarsa. Wanda ya sayar zai gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi.

Ta kuma ce duk wanda ya biya a yi masa aiki yana da haƙƙin samun aiki mai ingancin da aka saba tsammani. Idan kaya ko aiki marar kyau ya jawo ɓarna, wanda ya samar da shi ne zai ɗauki nauyi.

Wani sashe na dokar ya yi kama da matsayin Malikiyya. Idan aka yi zargin cewa kaya ko aiki na da aibi, nauyin kawo hujja na kan wanda ya sayar ko ya yi aikin.

Daga gareji zuwa kotu

A zahiri, kaɗan ne daga cikin irin waɗannan rigingimu ke kaiwa gaban alƙali. Galibi shugabannin gareji, ko ƙungiyar kanikawa ta NATA, ko ta direbobi ta NURTW a tasha, su ke zama su sasanta.

Sau da yawa akan raba asarar ne: bakanike ya yafe kuɗin aiki, mai kanti ya canza kayan ko ya rage farashi.

In sulhu ya gagara, akwai kotun shari'a. Idan ɗaya daga cikin masu rigimar ba Musulmi ba ne, kamar yadda wasu masu kantunan kayan gyara suke, sai da amincewarsa, in ba haka ba a nufi kotun gama-gari.

Babbar matsalar ita ce hujja. Ciniki da baki ake yi, ba rasit, kuma kayan da ya lalace akan jefar da shi a bakin hanya ko a sayar wa masu gwangwan.

Alhali kuwa shi ne babban mai shaida. Boris ɗin da aka ɗaura ba isasshen giris yakan ƙone har launinsa ya canza. Fanbel ɗin da ya cinye ta gefe ɗaya na nuna ba a daidaita shi ba. Taya kuma na ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Saboda haka mai mota na da abin yi tun kafin a kunce ƙusa ta farko. Ya tambayi irin kayan da za a ɗaura, a faɗa gaban shaida ko sabo ne ko Beljiyam, ya karɓi rasit mai sunan kanti da kwanan wata, sannan ya nemi a ba shi tsohon da aka cire.

Shi ma bakanike yana da hanyar kare kansa. Idan mai mota ya nace sai an ɗaura mai araha, ya gaya masa haɗarin a gaban mutane. In kuma abin ya shafi birki ko sitiyari ko taya, ƙin ɗaurawa ya fi masa sauƙi a kan amsa tambaya bayan an yi hatsari.

Direban da ke lodin fasinja da kaya zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis shi ma yana da nasa kason. Idan binciken masana ya nuna lodi ne ya karya abin da aka ɗaura, babu wanda zai biya shi, a shari'ance ko a dokance.