Kibod Da Wuyan Hannun Mai Buga Takarda

Aliero ta yi suna a kan abu biyu, albasa da ɗorin karaya. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin a shekarar 2006, sai sana'a ta uku ta kankama, wato buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta. Da ita nake ciyar da iyalina, kuma ita ce ta gurfanar da ni gaban mai ɗori bara, lokacin da wuyan hannuna na dama ya fara zogi, yatsu uku suna mutuwa cikin dare. Dattijon ya lallatsa hannun, ya ce babu karaya babu targaɗe, sannan ya tambaye ni da me nake aiki. Da na faɗa masa, sai ya ce shi dai bai taɓa ganin manomin da ya sayi fartanya bai gwada ƙotarta ba.

Maganar ta shige ni, domin ban taɓa gwada kibod kafin in biya kuɗi ba. Nakan je kasuwar Jega in nuna mafi araha a cikin kwali, shi ke nan. Wanda nake aiki da shi a lokacin ƙurar hunturu ta cika ƙarƙashin madannansa, sai na doka da ƙarfi kafin harafi ya fito, wuni guda cur. Na kuma ɗaga 'yan ƙafafun nan biyu na bayansa, ina ganin burgewa ce, ashe su ke tilasta wa wuyan hannu lanƙwashewa sama.

Da na koma Jega, sai na roƙi mai shago ya jona mini guda uku, na zauna na buga shafi ɗaya da kowanne. Bai ji daɗi ba, amma ya haƙura. Na zaɓi wanda madanninsa ke sauka da ɗan taɓi ya kuma dawo da kansa nan take, wanda 'yan tudun da ke kan F da J ba su goge ba, don da su yatsa ke gane mazauninsa ba tare da ido ya bar takarda ba. Mai waya na ɗauka. Mara waya yana da kyan gani, sai dai batirinsa bai san cewa gobe ne ranar miƙa aiki ba. Masu fitilu kala-kala kuwa na bar wa yara masu wasanni.

Akwai abin da masu saye ba su cika dubawa ba. Kibod na Amurka da na Ingila ba jeri ɗaya suke ba: alamar @ tana kan lamba 2 a na farko, a na biyu kuwa tana kusa da babban madannin shiga sabon layi. Wani abokina malami a Maiyama, mai horar da ɗalibai saboda jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya haɗa iri biyun a ɗaki ɗaya, ya shafe mako yana zargin kwamfutocin da lalacewa.

Abin da har yau ban samu a kanti ba shi ne kibod mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Jerin haruffan da muke bugawa an tsara shi ne a Amurka wajen shekarun 1870 domin Ingilishi, ba a yi shawara da Bahaushe ba. Manhajar Windows tana da tsarin Hausa da za a iya kunnawa, amma fuskar madannan ba ta nuna shi. Ni dai na yanka 'yan takardu uku, na rubuta haruffan da biro na manna da salatif, tun ranar da na buga wa wani magidanci yarjejeniyar sayar da gona, ɗari ta fito dari, ƙasa ta fito kasa, ya dawo mini da ita daga Maiyama a kan babur.