Toka Mai Ido

A gidanmu, can wani ƙauye arewa da Dambatta, in aka wayi gari kaza ta ɓace, Goggo ba ta tsayawa zargin kowa. Da magariba sai ta ɗebo toka a murhu, ta tankaɗe ta da rariya a bakin akurki, ta hana kowa takawa. Da asuba, kafin a saki kaji, ta durƙusa ta karanta. Sawun muzuru ba farce a cikinsa, don ɓoye faratansa yake in yana tafiya. Na kare kuwa da farcensa. Gafiya jelarta ke tona mata asiri, wani siririn layi tsakanin sawaye.

Tokar nan ce ta faɗo mini a rai ranar da ɗan yayata ya zo daga Kano da wata 'yar kyamara, girmanta bai wuce sabulun wanki biyu ba. Ba mai riƙe ta. A jikin itace ake ɗaure ta, a saka batir da katin ajiya, a tafi a bar ta. Tana da wani ido mai jin ɗumin jiki. Da zarar abu mai ɗumi ya gifta sai ta ɗauka. Da dare tana haskawa da hasken da idonmu ba ya gani, hoton ya fito baƙi da fari, da kwanan wata da lokaci a ƙasa. Irinta ake kafawa a dajin Yankari don sanin abin da ya rage na namun daji. Asalinta ma tarko ne: wani Ba'amurke, George Shiras, zare yake ɗanawa, dabba ta taɓa, hoto ya ɗauku, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906.

Na ce masa, "Kai yaro, me za ka gani a nan? Ai daji ya ƙare tun muna ƙanana."

Ya ce, "Kawu, a dai gwada."

Ban faɗi haka don raini ba. Ƙasarmu gona ce ta haɗe da gona, ba saura, ba hutu, taki kawai ke riƙe da ita. Wannan ne ya jawo Bature Michael Mortimore ya yi ta nazarin ƙasar Kano tun shekarun 1960. Dajinmu shi ne gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyar da kakanni suka bari tsaye a tsakiyar kunya, sai shingen aguwa da burtali.

Muka ɗaure ta a gindin wata tsamiya, daidai gwiwa, tana fuskantar inda shinge ya haɗu da burtali. Lokacin an gama yankan gero. Kwana ukun farko awaki ne suka cika katin. Daga baya muka fara gane masu zuwa, kuma kowa da lokacinsa, kamar rabon girki a gidan mata da yawa. Da sassafe fakara ce ke kiwo da 'yan uwanta. Hantsi na kurege ne, ya miƙe a kan ƙafafun baya ya duba gabas da yamma kafin ya kama tono. Bayan lisha bushiya ke fitowa, hanci a ƙasa tana neman ƙwari. Can tsakar dare gafiya ta wuce, kumatu cike da gyaɗar wani. Duk ta gindin shinge suke bi, ba mai ratsa fili sai zomo.

Akwai abin da toka ta fi kyamara. Damo ya sha wucewa ba ta ɗauke shi ba, domin zafin jikinsa kusan ɗaya ne da na ƙasar da yake ja a kai. Mu dai sai mu tarar da jan jelarsa a rairayi. Ita kuma toka iskar hunturu ɗaya ke share ta, kuma ba ta faɗin ƙarfe nawa.

A dare na goma sha ɗaya aka samu baƙuwa: doguwa, jiki ɗige-ɗige, jela mai zobe-zobe kusan tsawon jikinta. Inyawara! Rabona da ita tun ina ɗan firamare, ita ma matacciya na gani a hannun mafarauta. Na daɗe ina kallon hoton, raina kuma yana kan shingen, don a bara maƙwabcinmu ya tumɓuke nasa ya ƙara kunya biyu, burtalin ma kullum ƙara tsukewa yake.

Na saka hoton a waya, na kai wa Goggo. Idonta ya yi rauni yanzu, sai da na buɗa mata hoton sosai. Ta kawo shi dab da fuska, ta bi ƙafafun da yatsa.

Ta ce, "Ashe ke ce. Shekara nawa ina ganin sawunki a bakin akurki, ina ɗora wa muzuru."

Sannan ta ce a ƙara yaɓe bayan akurkin kafin dare, amma shingen nan kada wanda ya taɓa shi.