Yadda doka ke rarraba bindigogi, daga Katsina zuwa Amurka

Tun bayan da tsohon gwamnan jihar Katsina, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a a shekarar 2021 da su nemi makamai domin kare kansu daga 'yan bindiga, batun mallakar bindiga ya zama abin muhawara a jihar.

To amma ga manomi a Fakuwa, ko wani ƙauye na yankin Kankiya da Kusada, abin tambaya shi ne, wace irin bindiga doka ta yarda ya riƙe, kuma wa ke ba da izini?

Rukuni uku

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku.

Rukuni na farko ya ƙunshi makaman da aka haramta, kamar bindigogi masu sarrafa kansu, da na soja, da kuma ƙaramar bindiga ta hannu. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu.

Na biyu ya haɗa da bindigogin farauta da masu aiki da iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ke nan kiran gwamna, komai ƙarfinsa, ba lasisi ba ne.

Ɗan sauyi kaɗan

Dokar na la'akari ne da ƙirar bindiga, ba da niyyar mai ita ba. Alal misali, laifi ne a datse hancin bindigar farauta ya gaza inci 20, saboda gajeriyar bindiga na da sauƙin ɓoyewa.

Irin wannan batu ne ya jawo taƙaddama a Amurka, a kan wani mariƙi da ake liƙa wa ƙaramar bindiga a ɗaure shi a dantse, wanda aka ƙirƙiro a 2012 domin taimaka wa naƙasassun tsofaffin sojoji.

Da masu bindiga suka riƙa dafa mariƙin a kafaɗa, sai hukumar ATF ta fitar da ƙa'ida a Janairun 2023, wadda ta mayar da akasarin irin waɗannan bindigogi cikin rukunin gajerun bindigogin kafaɗa, da dokar 1934 ta wajabta yi wa rajista.

Sai dai wata kotun tarayya a jihar Texas ta soke ƙa'idar a Yunin 2024.

A Najeriya kuwa, da mariƙin da babu, ƙaramar bindiga tana rukunin farko, kuma wanda aka kama da ita ba lasisi zai iya fuskantar ɗaurin aƙalla shekara goma.